Inna ta tafi ta bar mu da adakarta

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da amarya da ɗan jinjirin da har yau a hoto kawai muka san shi. Ranar da ka bugo ka yi mini gaisuwa, zaure cike yake da jama'a, ban iya ce maka komai ba sai "amin, amin". Yanzu da ƙafa ta ɗauke na ce bari in zauna in rubuto maka, don kai ma kakarka ce. Furar da ka sha a ɗakin nan, wani jikan bai sha rabinta ba.

Ba ta yi doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, daren Juma'a ta sa Goggo ta yi mata alwala, bayan asuba Allah Ya karɓi abarSa. Kafin azahar unguwa ta cika maƙil. An zo daga Wurno, Kware, Gwadabawa, Boɗinga, har 'yan uwanmu na Ƙonni sun ƙetaro ta Illela. Wasu fuskokin wallahi ko Kawu bai san su ba, amma kowa ka tambaya sai ya ce Inna ce ta riƙe uwarsa, ko ita ta yi masa wankan jariri, ko ita ta mayar masa da mata bayan yaji.

Ka tuna yadda take lissafin shekarunta? Cewa take tana goye a bayan mahaifiyarta aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. To 1938 ke nan, ka ga ta doshi casa'in. Komai nata da irin wannan ma'aunin yake tafiya. Ta haifi Kawu shekarar da aka kashe Sardauna, 1966. Ta sayi saniyarta ta farko shekarar da naira ta kori fam, 1973, kuma har ta koma ga Allah da fam take ƙirga kuɗi, mu ne za mu ninka biyu a zuci. Ranar da Sarki Abubakar ya rasu a 1988 kuwa, Goggo ta ce ko wuta ba ta bari an hura a gidan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne adakar nan ta ƙarƙashin gado, wadda muke cewa zinariya ce a ciki. Bayan sadakar uku aka buɗe ta gaban manya. Farko likkafaninta ne ya kamata a gani, amma wannan tun tana da rai ta nuna wa Goggo inda yake, wanda ta jiƙa da ruwan Zamzam tun zuwanta Makka. Sauran duk ƙulle-ƙulle ne, kowane da irin ƙyallensa da irin ɗaurinsa. Ba rubutu ko ɗaya. Muna cikin tunanin yadda za a yi, sai ga mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce nata yana cikin ƙyallen atamfa shuɗi, 'yan kunne ne da takardar gona. Aka kwance, haka yake. Wata tsohuwa ta ce kuɗin auren marainiyar jikarta ne take tarawa, ta faɗi adadin, aka ƙirga, ko naira biyar ba ta yi ciwon kai ba. A nan ne Kawu, da duk taurin zuciyarsa, ya tashi ya fita. Sai yanzu na fahimci dalilin da ya sa ta hana ni sakat lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, kullum sai ta turo ni layin banki. Amanar mutane ce take tsoron ta lalace a hannunta.

Kai kuma da take kira mijin ƙwarai saboda goron naira ɗari da kake kawowa! Ni da nake kai ta asibiti, ina shiga za ta ce, "Maigida, mi kak kawo man? Wancan ya fi ka sanin haƙƙin mata." Ka gudu Legas ka bar ni da cefane, Allah Ya isa tsakanina da kai a kan wannan.

Ka tuna ambaliyar 2010, da gulbin Rima ya cinye hanyar jami'a, ka ƙi shiga kwale-kwale har yara suna maka dariya? A wannan watan mutanen ƙauyenmu suka cika gidan, har soro aka yi shimfiɗa. Babbar tukunyar suna aka ɗora, tuwo da miyar sure safe da dare, ba ta taɓa tambayar wani yaushe zai koma ba. Da dare kuma ta tara matan tana rera musu waƙoƙin wa'azi na Nana Asma'u, waɗanda ta ce wurin wata jaji, wato malamar mata ta ƙungiyar 'Yan Taru, ta koya tun tana amarya. Ba ta zauna a aji ba, amma hukuncin tsarki da sallah da takaba, daga bakinta matan unguwa suka ɗauka. Na so a ce an naɗi muryarta. Goggo ta riƙe wasu baitoci, na sa ƙanwata ta fara ɗauka a waya.

Af, kafin in manta, mutuminka na Mabera zai ƙara aure bayan Sallah, kuma uwargida ce da kanta ke haɗa lefe. Zafi kuma ya fara, ka san Sakkwato ba ta wasa.

Damuwata yanzu gidan ne. An fara maganar rabon gado, wasu na cewa a sayar kowa ya kama gabansa. Ban ƙi rabo ba, haƙƙi ne da Allah Ya yanka, kuma cikin magadan akwai masu buƙata ƙwarai. Amma in baƙo ya saya ya rushe ya yi shaguna, ina za a haɗu ranar Sallah? Almajiran da ke da kwano a gidan tun ba a haife mu ba, ina za su nufa? Jiya ma wata ta zo da yaji, ta tsaya bakin ɗakin Inna, ta rasa wanda za ta faɗa wa, ta juya. Shawarar da nake so in kai wa Kawu ita ce a yi wa gidan kuɗi, mu jikoki da ke da hali mu haɗa mu biya magada, Goggo ta ci gaba da zama a ciki. Kai da ka san kan irin waɗannan abubuwa, ka duba mini ko akwai inda zan yi tuntuɓe.

A cikin adakar an samu wani ƙulli da Goggo ta ce naka ne: turmin atamfa na mai jego da 'yar hular saƙa ta jariri. Tun da ta ji haihuwar ta aika aka sayo, tana jiran ka zo da ƙafarka ka karɓa. Ka faɗa mini ko in ba direbobin da ke kai albasa Legas, ko in ajiye har ka zo. Ka sa ta cikin addu'a, Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. A gaida amarya.

Naka,
Abokinka na Gidaɗawa