Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Tambarin Shugaban Zuriya Ba Na Kowa Ba Ne

Assalamu alaikum Malam,

Ka tambaye mu a bainar jama'a ko duk mai sunan wata zuriyar Sikotland, kamar Campbell ko MacLeod, yana da ikon amfani da tambarin garkuwa na zuriyarsa, tunda ana sayar da su a shagunan Edinbura da sunan tambarin iyali. Amsar ita ce a'a.

A Sikotland tambari mallakar mutum ɗaya ne. Kotun Lord Lyon, wato babban jami'in da ke kula da tambura a ƙasar, ce ke bayar da shi, kuma tun dokar 1672 ake shigar da kowanne a rajista. Kotu ce ta gaske: tana da mai gabatar da ƙara, tana cin tara, tana sa a goge tambarin da ba a mallaka ba. Ko 'ya'yan mai shi maza ba sa ɗauka yadda yake. Magaji yakan ƙara wata alama a saman garkuwar muddin mahaifinsa na raye, ƙannensa kuwa sai sun koma kotu an sauya musu wani abu, galibi launin gefen garkuwar.

Abin da ya halatta ga ɗan zuriya shi ne baje. Ana ɗauko siffar da ke kan kwalkwalin da aka zana a saman garkuwar tambarin shugaban zuriya, a kewaye ta da bel mai ƙarfen ɗaurewa, a rubuta taken shugaban a jikin bel ɗin. Na Campbell kan aladen daji ne, takensa da Latin "Ne Obliviscaris", wato kada ka manta. Na MacLeod kan bijimi ne tsakanin tutoci biyu. Bel ɗin nan mubaya'a ce: mai sanye da shi yana cewa ni mabiyi ne. Maza kan maƙala a hula, mata a riga.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne gashin gaggafa da ake sokawa a bayan baje. Shugaban zuriya yana sa uku, kuma nasa bajen zobe ne kawai, ba bel. Shugaban reshe biyu, mai tambarin kansa ɗaya, saura babu ko ɗaya. Wanda ya soka gashi uku don ado ya yi wa kansa naɗi ke nan. Haka wanda ya cire bel ya buga siffar tsurarta a zobe ko kan takardar wasiƙa.

In mutum yana son nasa, ya rubuta takardar roƙo ga Lord Lyon, ya nuna alaƙarsa da Sikotland, ya biya kuɗin da aka yanka.

Wassalam.