Amsa ga Baba Alhaji kan maganar marainan ɓera

Assalamu alaikum Baba Alhaji, Allah shi ƙara girma.

Ran asabar a taron iyayen yara ka miƙe gaban kowa ka tambaye ni abu biyu. Ka ce me ya haɗa 'ya'yanku da marainan ɓera da zan ɓata musu awa guda a kai, sannan ka ce in faɗa ma jama'a gaskiya wa ke biyana, tunda kowa ya san masu wannan bincike hana haihuwa suka sa gaba. Ban amsa ba a wurin don kai sa'an mahaifina ne kuma hayaniya ta riga ta tashi. Amma maganar ta bazu, har mai kabu-kabun da ke kai ni lakkwal ya tambaye ni wai da gaske ne Turawa na ba ni kuɗi, to dole in amsa inda kowa zai gani.

Ta farko ba ta dame ni ba sosai. Yadda maniyyi ke samuwa yana cikin tsarin karatun 'yan ajin bak, wato ajin ƙarshe na sakandare, ba ni na sa shi ba, kuma za a iya tambayarsu a jarrabawa. Ta biyun ce ta yi min ciwo, don mutuncina ka taɓa, kuma ka san albashin mushe nawa ne a ƙasar nan, ka san gidan hayar da nike ciki a Zariya. In da wani na biyana ai da an gani a jikina.

Ga abin da na koya musu, ka auna da kanka ko akwai batsa a ciki. A cikin marainan namiji akwai wasu ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan, su ne asalin duk maniyyin da zai yi har tsufansa. A ɓera ba su wuce kamar uku cikin dubu goma na ƙwayoyin haihuwar da ke wurin ba. Kowace ɗaya tana da hanya biyu, ko ta rabu ta maye gurbin kanta, ko ta kama hanyar zama maniyyi, wadda a ɓera ke ɗaukar kwana kamar 35, a mutum kuwa sama da wata biyu. Kai manomi ne Baba, ka san in ka cinye geron rumbu duka ba ka da iri baɗi, in kuma ka ce duka iri ne to gida ya kwana da yunwa. Tambayar masu binciken ita ce wane ne ke raba wannan rabo a cikin jiki.

Kuma sun samu amsa mai yawa. Akwai wasu ƙwayoyi masu reno da ake kira Sertoli, su ke fitar da wani sinadari mai suna GDNF, shi ke ce ma ƙwayar asali tsaya nan ki ci gaba da maye kanki. A shekarar 2000 masu bincike a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan suka nuna haka ƙarara, ɓeran da GDNF ɗinsa ya yi kaɗan ajiyarsa na ƙarewa a hankali, wanda nasa ya yi yawa kuma ƙwayoyin sai su yi ta taruwa sun ƙi girma, ba maniyyi, in ya tsufa ma har ƙari ke fito mishi a wurin. Umarni na biyu mai cewa tashi ki tafi kuwa daga bitamin A jiki ke haɗa shi. In aka hana ɓera bitamin A aikin na tsayawa cak a mataki guda, in aka mayar mishi sai ya tashi gaba ɗaya. Na gaya ma yara, kuma ina maimaitawa nan, wannan ba ya nufin mutum ya je kanti ya yi ta shan ƙwayar bitamin A, yawanta guba ne, wanda ke cin ƙwai da hanta da karas da zogale da mangwaro ya samu rabonsa.

Me ya sa ɓera? Don ba za a yi ma ɗan Adam wannan gwajin ba, kuma kai ma ba za ka yarda a yi ba. A 1994 Ralph Brinster na jami'ar Pensilbaniya a Amurka ya ɗebi waɗannan ƙwayoyi daga ɓera mai haihuwa ya zuba a marainan wanda ba ya haihuwa, suka kama, har wanda ba ya haihuwar ya samu 'ya'ya. A 2003 a Kiyoto ta Japan aka iya renon waɗannan ƙwayoyin a waje cikin kwano wata da watanni suna ƙaruwa, da taimakon wannan GDNF ɗin dai. A 2019 masu bincike a Fitsbag ta Amurka suka ba da labarin an haifi 'yar biri da maniyyin da aka samu daga tsokar maraina da aka daskarar tun uban bai balaga ba. Duk wannan wahala don yaron da aka yi ma maganin ciwon daji mai ƙarfi tun yana ƙarami ake yinta, maganin ya ceci ransa amma ya ƙone mishi irin, ana neman ranar da zai girma ya yi aure ya ga ɗansa. Har yanzu bai zama magani a asibiti ba, ban ce ma yara ya zama ba. An ma gwada dashen a awaki ya yi, kuma mu masu jar akuyar Maradi da duniya ta sani bai kamata a ce wannan bai shafe mu ba.

Maganar hana haihuwa, ba zan ɓoye maka ba, e, akwai masu neman maganin tazarar haihuwa na maza ta hanyar toshe saƙon bitamin A ɗin nan. Wanda ya san yadda abu ke tashi ya san yadda ake tsayar da shi. Amma ni ban kai ma yaro ƙwaya ba, ban ce ma kowa kada ya haihu ba, kuma ɗalibin da ya fahimci abin shi ne ba za a ruɗe shi da komi ba gobe.

Abin da ke cina a rai Baba, wanda ya sa na ƙara wannan awa ɗin, shi ne matanmu. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin kusan rabin lokuta akwai hannun namiji a ciki. Amma a garin nan wa ake kira juya? Wa ake ɗura ma jiƙe-jiƙe da tsimi har cikinta ya lalace, a yi mata kishiya, a sake ta, ta koma gidansu da kunya? Ina da 'yar uwa da aka yi ma haka, ta sake aure ta haihu, shi kuma mijin farko har yau shiru kuma har yau ya ƙi zuwa a gwada shi, gwajin da ba ya ɗaukar wuni guda. Hangum kaɗai in ya kama namiji bayan ya balaga yana iya taɓa mishi maraina, nawa ne cikinmu suka san haka?

Kuma ka yi haƙuri in faɗa, mai maganin ƙarfin maza na tsayawa bakin kasuwa da lasifika yana zuba maganar da ni ba zan iya rubutawa ba, yara na wucewa da tallan goro, kwalba jikka biyu, ban taɓa jin ka miƙe a wani taro ka tambayi wa ke biyansa ba. Sai ni da na zana hoto da alli a allo, a ajin da ko madubin ƙara girma mai aiki ba mu da shi. Mutane na cewa zaɓen shugaban iyayen yara ne ya matso shi ya sa, ni ban so in yarda, amma ka ba su abin faɗa.

In kana da shaidar wani ya ba ni ko dala, ka kai ma darakta a rubuce a bincike ni. In ba ka da ita ina roƙonka ka janye maganar, don akwai iyayen da suka fara ce ma 'ya'yansu mata kada su shiga ajina, kuma jarrabawa saura 'yan watanni.

Wassalam, ɗanka mushen kimiyyar halittu.