Ashe ciwon Abba ba olsa ba ne

Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum Aminina,

Da fatan kana lafiya, kai da ƙanwata da yara. Ya zaman Legas? Ka san ni da ƙiwar rubutu, amma wannan maganar ta fi ƙarfin waya.

Shekara uku muna ɗirka wa ɗana Abba maganin olsa. Ka ga yaro ɗan shekara 13 ya naɗe a kan tabarma, gwiwa a ƙirji, yana cewa ciwon na ratsawa har gadon bayansa. Ranar da ya ci ƙosai ko tsire, ba mai barci a gidan. Da bayan gidansa ya koma maiƙo-maiƙo, ya kuma rame, sai muka kai shi babban asibiti. Hoton ciki ya nuna 'yan tsakuwoyi a fankiriyas, naman nan da ke kwance bayan tumbi, mai samar da ruwan narka abinci da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini.

Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce ko akwai mai irin wannan a dangi. Nan take Baba ya faɗo mini a rai, Allah Ya ji ƙansa. Ka tuna "olsarsa" da ta ƙare da ciwon suga? Mutumin da ko taba bai taɓa sha ba. Ashe ba suna kaɗai Abba ya gada ba.

Likitan ya fi zargin matsala a wata ƙwayar gado, PRSS1, wadda aka gano alaƙarta da kumburin fankiriyas na gado a Amurka a 1996. Sinadarin da ya kamata ya jira sai ya isa hanji kafin ya fara narka abinci, shi ke farkawa tun yana cikin fankiriyas, ya riƙa cinta. Uba ko uwa, ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Kusan ɗaya cikin biyar na masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Ka ga ke nan ta kaina ta bi, ina zaune lafiya lau. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ubanmu ɗaya da matarka. Duk yaron da ya cika kukan ciki, kada ku tsaya a kemis. Ku je asibiti, ku ba su labarin Baba da na Abba. In sun girma kuma, ka raba su da sigari, don tana ƙara haɗarin kansar fankiriyas.

Yanzu Abba na haɗiyar ƙwayoyin narka abinci duk lokacin da zai ci, har kumatu sun fara dawowa. Ka karanta wa ƙanwata a natse, ka san ta da saurin kuka. A shafa mini kan yara.

Naka har kullum.