Wasiƙa ga Iyaye: Ajin Fiziks na Ranar Asabar

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Da fatan kuna lafiya, ya gida, ya ɗawainiya. Wasiƙar wannan zangon a kan abu guda take: ajin fiziks da muka buɗe wa ɗaliban kimiyya na SS2 da SS3 kowace Asabar da safe.

Kwanakin baya wani uba ya tare mu a bakin ƙofa. Ya ce 'yarsa ta koma gida tana cewa wai agogon da ke cikin gudu yana tafiya a hankali fiye da wanda ke ajiye, shin tatsuniya muka koma koyarwa? Mun yi dariya tare. Amma Alhaji, yarinyar ta yi gaskiya.

Abin ya samo asali ne daga Albert Einstein, wanda a 1905, yana ɗan shekara 26 kuma ƙaramin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a Suwizalan, ya fitar da ka'idar dangantaka ta musamman. Ga yadda muke fara ta a aji. Idan jirgin ƙasa na gudun kilomita 100 a awa, wani a ciki ya jefa lemo gaba da gudun kilomita 20, wanda ke tsaye a tasha zai ga lemon na tafiyar 120. Kowa ya yarda da wannan. To, a maimakon lemo a kunna tocila. Na cikin jirgi da na tasha, duk wanda ya auna, gudu ɗaya zai samu: kusan kilomita 300,000 a sakan guda. Gudun jirgin bai ƙara wa haske komai ba. Tun 1887 gwajin Michelson da Morley a Amurka ya nuna alamar haka, masana suka rasa yadda za su yi da shi. Einstein ya ce tun da gudun haske ba ya canjawa, to lokaci da tsawo ne dole su canja tsakanin mai tafiya da mai tsaye.

Ba ma jin wannan a mota don gudunmu bai kai ya kawo ba. Amma wayar da ke aljihunku tana dogara da shi. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS, saboda gudunsu, suna yin baya da kusan kashi 7 cikin miliyan na sakan a kullum. Nisansu da ƙasa kuma yana sa su yi gaba da kashi 45 cikin miliyan na sakan, wanda wannan bayanin ka'idarsa ta biyu ce ta 1915. Da ba a gyara bambancin, taswirar waya za ta riƙa kuskure da kusan kilomita 10 kowace rana.

Gaskiya ɗaya ce, batun jinkirin agogo ba shi ke cika takardar WAEC da NECO ba. Sai dai lissafin Einstein na E = mc² (alaƙar makamashi da nauyin abu) da yadda haske ke fizgo lantarki daga ƙarfe suna cikin manhaja, kuma mun gaji da ganin yara na haddace su kamar karatun aku. Na biyun ma shi aka ambata da aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921.

Inda yara ke tuntuɓe shi ne lissafi. Duk jinkirin agogon nan da ka'idar Pythagoras ta ƙaramar sakandare ake fitar da shi, sai ɗan aljabra. Wanda ya raina waɗannan zai sha wuya, shi ya sa rabin awar farko lissafi muke yi zalla.

Roƙonmu, a ɗage wa yara aiken kasuwa da wanki zuwa bayan azahar, musamman 'yan mata, don mun lura su aka fi riƙewa a gida. Ana shiga ƙarfe 9, a tashi 11. Kowa ya zo da kalkuleta da sabon littafin rubutu. Ba a biyan ko sisi.

Wassalam,
Shugaban Sashen Kimiyya