Wasiƙar ƙorafi kan mashigar dabbobi a layin dogon Yamai zuwa Doso

Zuwa ga shugaban kamfanin da ke da alhakin wannan layi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto ne a madadin masu jakai, masu amalanke, masu raƙuma da makiyaya, mutanen da ƙarfen nan ya ratsa hanyarsu ta neman abinci. An buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai a watan Afrilun 2014, layin kuma ya isa Doso a farkon 2016, tafiyar kusan kilomita 140. Mashigan da nake gani an gyara duk don mota aka gyara su. Wanda ke kan jaki kuwa, sai ya nema wa kansa mafita.

Duk wanda ya taɓa kora dabba ya san matsalar. An tada tudu, an zuba tsakuwa mai kaifi, ƙarfe biyu sun miƙe a kai. Kofaton jaki na zamewa a tsakuwar, tayar amalanke na maƙalewa tsakanin ƙarfen, in akwai lodi sai kayan su rinjayi dabbar. Haka ta faru da kawuna, dattijon da ke shigo da itace gari ta gefen filin jirgin sama. Jakinsa ya yi tuntuɓe a ƙarfen, ya kayar da shi, ya karye a cinya. Ya sha jinya wajen mai ɗori, gidansa ya zauna babu mai nema, jakin ma bai sake moruwa ba. Da muka nemi inda za mu kai kuka, babu ofishin da ya ce aikinsa ne.

Wannan fa tun jirgi bai fara zirga-zirga ba ke nan. Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da zai fara. Jirgin ƙasa ba ya kaucewa, kuma mai ɗauke da kaya masu nauyi, in yana cikin gudu, sai ya ci kilomita guda ko fiye bayan an taka birki kafin ya tsaya. Dabba kuma ba ta san wannan ba. Jaki in ya firgita sai ya kafe wuri ɗaya, ko an doke shi ba zai motsa ba. Raƙumi da doki zabura suke yi, su yar da mahayi. Mai amalanke kuwa ba zai gudu ya bar abin da ya mallaka a duniya ba, zai tsaya yana ja har a rutsa da shi. Su wa ke kan jakan nan da safe? Yara ne da mata masu ɗebo ruwa da jarkoki. Raunin da irin wannan karo ke bari, fashewar kai ne, karayar baya da yankewar ƙafa, a ƙauyukan da likita ke nesa.

Dokar makiyaya ta Nijar ta 2010 ta amince cewa yawo da dabba hakki ne, ta kuma kare burtali. Burtalan nan sun girme layin dogo nesa ba kusa ba, kuma sarakunan gargajiya da kwamitocin filaye sun san inda kowanne ya bi, daga Kure har Birnin Gaure da kwarin Dallol Boso. A Kure ɗin ma akwai raƙuman dawa, irinsu na ƙarshe a Afirka ta Yamma, su ma ƙetarawa suke yi.

Don Allah ku zauna da waɗannan shugabanni, a daddaɓe mashiga da siminti daidai da kan ƙarfen a kowane burtali da hanyar rijiya. Ku kafa alluna masu hoto, domin yawancin masu dabbobi ba su karanta Faransanci. Kafin jirgi ya fara aiki, a yi ta sanarwa a gidajen rediyo da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci, ranakun kasuwa kuma a ajiye mai gadi a manyan mashigai.

Muna kuma roƙon ku faɗa wa jama'a a fili ofishin da wanda ya ji rauni a layin nan zai je, domin takardun jinyar kawuna na hannuna, ina jiran inda zan kai su.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin Yamai