Sanarwa ga masu Hilux da sauran a-kori-kura

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kaka ta zo, na ga hotunan da wasunmu suka turo sun ƙara wa motocinsu sifirin na baya domin dakon masara zuwa Dawanau. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Hilux kusan tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka, wato buhu goma masu kilo 100, har da nauyin direba da yaran mota a ciki. Ƙarin sifirin zai hana bayanta zaunawa, amma birki da aksil da tayoyi suna nan yadda kamfani ya yi su. A gangara ko ranar da akuya ta gitta, nan ake gane haka.

Wanda kuma ya sa manyan tayoyi, ya sani mitar gudu za ta riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunsa.

Masu tsohuwar Hilux Vigo mai injin dizal 2.5, bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita aikin injin, ana canza shi a kilomita 150,000, kada a jira ya tsinke. Hunturu ma na tafe, don Allah a duba matatar iska.