Rahoton Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu Masu Wasan 0 A.D. a Katsina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah Ya nufa mun sake zagayowa, kuma a matsayina na sakatare ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin da aka tara da yadda aka kashe su yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi ranar taro.

Da yake bana mun sami sababbin mambobi, yawancinsu ɗalibai daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Hassan Usman, zan ɗan koma baya saboda su. Wasan nan na 0 A.D., wasan kwamfuta da ake gina gari a tara runduna a yi yaƙi tsakanin daulolin zamanin dā, ba wani babban kamfani ya yi shi ba. A 2001 wasu masoya Age of Empires II suka fara yi wa wancan wasan kwaskwarima don jin daɗin kansu, suna kiran kansu Wildfire Games. Da abin ya girma, sai a 2003 suka yanke shawarar gina nasu tun daga tushe, da injinsa na kansa, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, mai suna Pyrogenesis. A 2009 suka buɗe lambobin wasan ga duniya, kowa ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. Sigar gwaji ta farko ta fito a 2010. Sun taɓa neman tallafin jama'a a 2013, abin da aka samu bai kai ko rubu'in abin da suka nema ba, amma ba su ajiye aikin ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan mutane suna ba da lokacinsu bayan sun tashi daga wurin neman abinci. Duk sa'ad da na kunna shi sai na tuna da haka.

Zaman Asabar bai tsaya ba sai cikin azumi da makon jarrabawa. Muna haɗa kwamfutoci a shagon ɗaya daga cikinmu a unguwar Ƙofar Ƙaura, kuma tun da muka koyi haɗa su da juna kai tsaye, ba ma ƙona data wajen karawa. Matsalarmu ita ce wuta. A gasar bayan Babbar Salla, ana tsakiyar wasan ƙarshe, dawakin daular Kush sun riga sun shiga gonakin Rumawa, aka ɗauke. Kafin a tada janareto komai ya tafi, sai da aka sake daga farko, wanda kuma yake kan gaba ɗazu shi ya sha kashi. Ya haƙura, Allah Ya saka masa da alheri. Dalilin da ya sa batun batir da sola ya zama na farko a buƙatunmu ke nan.

Sigar da ke kan kwamfutocinmu ita ce ta 27, mai suna Agni, wadda ta fito a Janairun 2025. Ta 26, wadda ta kawo daular Han ta ƙasar Sin, tun Satumbar 2022 ta fito, kuma na tuna a tsakanin nan wasunmu har sun fara cewa wasan ya mutu. Bai mutu ba, masu yin sa ne ba su da yawa, kuma babu mai biyansu albashi. Agni ta zo da sabuwar hanyar zana hoto ta Vulkan. Sababbin kwamfutocinmu sun ji daɗinta, tsofaffin kuwa mun bar su a kan tsohuwar hanya. Har yanzu idan runduna ta yi yawa a fili wasan yana jan ƙafa, shi ya sa muke rage adadin jama'ar da kowane ɗan wasa zai iya tarawa.

Babban aikin bana shi ne fassara wasan zuwa Hausa, kuma nan nake so ku ba ni aron hankalinku. Mun ɗauka abu ne na 'yan makonni. Abinci, itace, dutse da ƙarfe, wato dukiyoyi huɗun da ake tarawa, ba su ba mu wahala ba. Matakan girma uku ma sun zauna daram: ƙauye, gari, birni. Inda ake ajiye amfanin gona muka ce rumbu, inda ake tara itace da dutse muka ce sito, wurin gyaran makamai kuwa maƙera. Da muka zo gidan horar da mayaƙa aka yi ta ja-in-ja. Wasu suka ce bariki, wasu suka ce kalmar ta ɗauko wata ma'ana a bakin mutane, kuma ba ta dace da zamanin da ya wuce shekara dubu biyu ba. Sansani muka zaɓa. Babban ginin tsakiyar gari har yau ba mu daidaita ba. Fada ta yi wa Kush da Farisa daidai, amma mutanen Atina a wancan zamani ba su da sarki, to fadar wa? Ni dai dandali nake goyon baya.

Da kalmomin yaƙi suka gagare mu, sai ɗaya daga cikinmu ya kai mu wurin kakansa, dattijon da ya daɗe yana hawa a Hawan Salla. Muka buɗe masa kwamfuta a zaure, muka jawo hoton wani mahayi kusa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da yatsa ya ce, "Wannan ai sulke ne a jikinsa, ba lifidi ba. Lifidi auduga ake cusawa a ɗinke, har doki ake sa wa." Na ce, "Baba, to shi mahayin fa, me za mu kira shi?" Ya ce barde, na ƙasa kuma dakare. Ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar likkafa da linzami daga ɗaki, muka riƙa juya su a hannu. A ranar muka cika shafuka da kwalkwali, garkuwa, kwari da baka, majajjawa, ganuwa da gwalalon da ake haƙawa a bayanta. Akwai samari a cikinmu, haifaffun birnin nan, da ba su taɓa jin wasu daga cikin kalmomin ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, kuma tun daga ranar na daina ɗaukar fassarar a matsayin aikin gefe.

Kuskurenmu guda, kuma har da ni a ciki: kowa ya riƙa rubutu yadda allon wayarsa ya ba shi dama, wasu da ƙugiya wasu babu. Sai ga "kafa sansani" da "ƙafa" suna rikicewa, ƙarfe ya koma karfe. Mun ɓata makonni muna bi layi-layi. Yanzu doka ce, ba a karɓar rubutun da babu ƙ, ɗ da ɓ.

Ba mu tura ko layi ɗaya ga masu wasan ba tukuna. Su a wani shafin intanet mai suna Transifex suke tattara fassarori, kuma sai harshe ya yi nisa sosai kafin a saka shi cikin sigar da ake rabawa. Shawarar shugabanni ita ce mu fara gama maɓallai, umarni da sunayen gine-gine da mayaƙa, mu bar dogayen bayanan tarihi zuwa gaba. Ni kaina ina ƙagare in ga labarin Sarauniya Amanirenas ta Kush, wadda ta kara da Rumawa daga ƙasar da yau ake kira Sudan, an rubuta shi da Hausa mai daɗi, amma na yarda da tsarin.

Ƙannenmu biyu sun fara zana taswira da Atlas, manhajar zanen fili da ke zuwa tare da wasan. Suna kwaikwayon tsohon birnin Katsina ne, da ganuwa da ƙofofinta, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa da sauransu, sun kuma ware wurin da hasumiyar Gobarau za ta tsaya idan an sami mai iya ƙera siffarta. Wani ya kawo shawarar a yi daular Hausa sukutum a matsayin ƙari. Na so abin, sai dai wasan yana magana ne a kan ƙarni biyar ɗin da suka gabaci haihuwar Annabi Isa (AS), ga shi kuma ba mu da mai zanen siffofi ko ɗaya. Mu gama taswirar tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne, shekara guda cur muna cin moriyar wasan amma babu ɗayanmu da ya taɓa aika rahoton wata matsala da ya gani, alhali da irin wannan ne aikin yake tafiya. A shekara mai zuwa za mu naɗa mutum ɗaya da zai riƙa rubuta duk inda wasan ya tsaya ko ya rufe kansa, da irin kwamfutar da abin ya faru a kanta, ya tura musu. Muna kuma neman 'yan'uwa mata a kwamitin fassara, ko daga gida ne, domin aikin ba ya buƙatar zuwa shago.

Taron shekara zai kasance Asabar ta farko bayan fitowar wannan rahoto, bayan La'asar, a inda muka saba. Duk wanda littafin kalmomi yake hannunsa ya zo da shi, kuma za a kaɗa ƙuri'a tsakanin fada da dandali.

Wassalam,
Sakatare